Gemu ba ya hana koyon keke

A wannan makon za mu tattauna ne a kan wani abu da mutane da dama suke ɓoyewa kamar wata cuta, wato a ce mutum ya girma, ya yi aure, har ya tara iyali, amma bai iya hawa keke ba. Masu irin wannan sirri suna da yawa a cikinmu, maza da mata. Wani ba a taɓa sayen keke a gidansu ba. Wani kuma ya faɗi ne sau ɗaya yana yaro ya fasa gwiwa, daga ranar ya yi sallama da shi. Mata kuwa, da yawansu hana su aka yi tun suna ƙanana, aka ce ba abin 'ya mace ba ne. Idan kana cikinsu, ko kina cikinsu, to yau da ku nake.

Zan yi misali da Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita a kudancin Jihar Kaduna, domin yanki ne da ya san keke tun da daɗewa. Tun wajen 1927 da garin ya zama mahaɗar layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya rabu zuwa Kaduna da Jos, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa. Tambayi dattawan garin, za su ba ka labarin zamanin da mai sabon keke Raleigh yake da kwarjini irin na mai mota a yau. Daga baya babur ya zo ya ture shi, har aka koma ganin keke abin yara ne ko na wanda ba shi da hali.

Me ya sa sai yanzu?

Amsar farko tana cikin aljihunka. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, farashin gwamnati na lita ɗaya bai kai N200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura N500, kafin ƙarshen 2024 kuma ya wuce N1,000. Ɗan acaɓa da mai Keke Napep ba za su biya daga aljihunsu ba, kai fasinja kake biya.

Zauna ka yi lissafin kanka. A ce kana kashe N1,000 kullum wajen zuwa aiki ko kasuwa da dawowa, kwana shida a mako. Ka ga N6,000 ke nan a mako, N312,000 a shekara. Malamin makarantar da yake koyarwa a wani ƙauye bayan Gidan Waya, da ma'aikaciyar jinyar da gidanta yake nesa da asibiti, da manomin cittar da gonarsa take bayan gari a yankin Kwoi ko Kachia, kowannensu ya san abin da wannan kuɗi zai yi masa a gida. Keke kuwa sau ɗaya ake sayen sa, sai ɗan kuɗin faci da man sarƙa.

Abin da jiki zai samu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a kowane mako. Matsakaici shi ne wanda numfashinka zai ƙaru, ka yi ɗan gumi, amma kana iya magana da na kusa da kai. Minti 30 a kan keke, kwana biyar a mako, ya cika ma'aunin. Irin wannan motsi yana taimakawa wajen sauke hawan jini, da daidaita sukari a jini, da rage teɓa, kuma yana sa barci mai daɗi.

A 2017 masana daga Jami'ar Glasgow da ke Birtaniya suka wallafa wani bincike da ya bi diddigin mutum fiye da 260,000 na kimanin shekara biyar. Sun gano cewa masu zuwa aiki a kan keke, idan aka kwatanta su da masu zuwa a mota, haɗarin kamuwa da ciwon zuciya ya ragu a wurinsu da kashi 46 cikin ɗari, na ciwon daji da kashi 45, na mutuwa da wuri kuma da kashi 41. A ƙasar Turawa aka yi binciken, amma zuciyar Bature da ta mutumin Kagoro aiki ɗaya suke yi.

Wani alherin keke shi ne sirdi ke ɗaukar nauyin jiki. Saboda haka mai ƙiba ko mai ɗan ciwon gwiwa, wanda gudu zai wahalar da shi, yakan iya tuƙa keke cikin sauƙi.

Na san manomi zai ce shi ai ba ya rasa motsa jiki, kuma gaskiyarsa. Waɗanda suka fi buƙatar wannan ɓangare su ne masu wuni a zaune: ma'aikatan ofis, masu shago, teloli, 'yan fansho. Ribar manomi da uwargidan karkara daban ce. Buhun masara ko jarkar ruwan da ake ɗorawa a ka, ana tafiya da shi mai nisa shekara da shekaru, wuya da ƙugu ne suke biyan bashinsa. Kariyar keke za ta ɗauke wannan kaya ba tare da ta yi ƙorafi ba.

Shin ban makara ba?

Za ka ji ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, ai Bahaushen da ya faɗi haka shi ne ya ce gemu ba ya hana ilimi. Tsayuwa a kan keke aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin ido, da wasu sassa da ke can cikin kunne, da wani ɓangare na ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya. Wannan ɓangare yana koyon sabon motsi ta hanyar maimaici, kuma ba ya rufe ƙofa don mutum ya kai shekara 40 ko 50. Abin da ya koya kuwa da wuya ya manta, shi ya sa wanda ya iya keke yana yaro zai hau bayan shekara 20 ya tafi abinsa.

Shahararren marubucin nan na ƙasar Rasha, Leo Tolstoy, ya haura shekara 65 kafin ya koyi keke a 1895. A farkon shekarun 1990, a gundumar Pudukkottai da ke kudancin Indiya, an haɗa koyon keke da shirin yaƙi da jahilci, kuma matan karkara fiye da 100,000 ne suka koya, da yawansu iyayen 'ya'ya. Ba a ƙafa ko a ƙwaƙwalwa matsalar babba take ba. Abu biyu ne suke tare masa hanya: tsoron faɗuwa da kunyar idon jama'a. Dukansu kuma suna da magani, idan aka bi hanyar koyo da ta dace.

Inda ake yin kuskure

Yadda aka saba koyarwa shi ne a ɗora mutum a kan dogon keke, wani ya riƙe sirdi ta baya yana gudu yana ihun “tuƙa, tuƙa”, can sai ya saki ba sanarwa. Yaro yakan faɗi ya tashi yana dariya. Babba kuwa idan ya faɗi haka sau ɗaya, musamman a gaban 'ya'yansa, ya gama.

Aibin wannan hanya shi ne mai riƙe sirdin ne yake daidaita keken, jikin mai koyo bai koyi komai ba. Sannan an haɗa masa darasi uku a lokaci guda: daidaita jiki, da juya feda, da sarrafa kan keke. A raba su, a fara da daidaita jiki. Keken farko ma da wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ya ƙera a 1817 ba shi da feda sam, da ƙafa ake tunkuɗa shi. Daga inda keke ya faro, daga nan kai ma za ka fara.

Matakan koyo

1. Zaɓi keke gajere. Ka sauke sirdin har sai in ka zauna tafin ƙafafunka biyu sun taka ƙasa sosai. Keken mata, wanda ba shi da sandar tsakiya, ya fi sauƙin koyo ko ga namiji. Ka kai shi wurin mai gyara ya duba birki da iskar taya.

2. A cire feda biyun. Mai gyara zai yi maka cikin 'yan mintuna da sifana mai lamba 15. Idan da kanka za ka yi, ka sani fedar hagu a juye ake kwance ta, ba kamar sauran notuna ba.

3. Nemi fili mai taurin ƙasa, ba yashi, ba tsakuwa, ba motoci. Filin ƙwallon makarantar firamare ranar Asabar da sassafe ko lokacin hutu ya wadatar, kuma a wannan lokaci babu 'yan kallo. Idan yana da ɗan gangare kaɗan ya fi.

4. Fara da birki tun kafin ka hau. Ka tura keken kana tafiya a gefensa, kana matsa birkin biyu a hankali. Ka gane wanne ne na gaba, wanne ne na baya, domin ba duk kekuna ne suke da tsari ɗaya ba. Wanda ya san zai iya tsayawa duk lokacin da ya ga dama, rabin tsoronsa ya tafi.

5. Ka zauna a sirdi ka yi tafiya da ƙafa kamar kana takawa. Da ka saba, sai ka tunkuɗa da ƙarfi sau uku ko huɗu, ka ɗaga ƙafafu, ka bar keken ya sulala kana ƙirga ɗaya, biyu, uku. In ya karkata, ƙasa tana nan kusa, sai ka taka. Kada ka kalli tayar gaba, ka kafa ido a kan wata bishiya ko bango da ke can gabanka, domin inda ido ya nufa nan keke yake bi. Ka saki kafaɗu, kada ka damƙe kan keken kamar za a ƙwace maka. Ka kuma sani keke mai ɗan gudu ya fi mai rarrafe sauƙin tsayuwa. Idan ya karkata dama, ɗan juya kan zuwa dama shi ke miƙar da shi, haka ma hagu. Ba sai ka haddace wannan ba, hannunka zai gano da kansa.

6. Ranar da kake iya sulalawa har ka ƙirga goma, sau da yawa a jere, kana kuma iya yin kwana a hankali, a mayar da feda. Ka ɗaga fedar ƙafar da ta fi maka ƙarfi ta yi sama ta ɗan yi gaba, ka taka ta da nauyinka, keken zai tafi, sai ka ɗora ɗaya ƙafar ba tare da ka sunkuya neman fedar ba.

7. Daga nan sai atisayen tashi da tsayawa, da zagaye ta dama da ta hagu, da waiwaye ba tare da keken ya kauce ba, da sakin hannu ɗaya don yin alama. Kana ƙwarewa kana ɗaga sirdin kaɗan-kaɗan, har ya zama gwiwarka tana kusan miƙewa idan feda ta kai ƙasa. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa yana kawo ciwon gwiwa a doguwar tafiya.

Minti 20 zuwa 30 ya isa a kowane zama. Wani zai kama a yini guda, wani sai ya yi mako biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Kai kuma mai koyarwa, ko miji ne, ko ƙane, ko ɗa, aikinka ka tsaya a gefe kana ƙarfafa gwiwa. Ban da dariya, ban da tsawa, ban da ɗaukar bidiyo a watsa a Facebook ko WhatsApp. Idan ɗanka ne yake koya maka, babu abin kunya a ciki. Kai ka riƙe hannunsa ranar da ya fara tatata, yau ya samu damar ramawa.

Ga uwargida

'Yar'uwa, akwai maganganun da ake yaɗawa cewa keke yana hana haihuwa ko yana taɓa mahaifa. Wannan ba shi da tushe a likitance. A Wagadugu ta Burkina Faso da Tamale ta arewacin Ghana, mata a kan keke suke zuwa kasuwa da kayansu, kuma suna haihuwa lafiya kamar kowa.

Abin da za ki kiyaye shi ne sutura. Bakin zani, ko dogon siket, ko dogon hijabi, yana iya shiga sarƙa ko wayoyin taya ya fizge ki ƙasa. Ki sa wando a ciki, ki tattare duk abin da yake lilo. Maza masu babbar riga ko wando mai faɗin ƙafa, ku ma wannan gargaɗi ya shafe ku. A sa takalmi rufaffe, ban da silifas.

Idan kina da juna biyu, ba lokacin fara koyo ba ne, saboda nauyin ciki yana sauya daidaiton jiki, faɗuwa kuma haɗari ce gare ki da abin da ke cikinki. Bayan haihuwa ki jira jiki ya warware, musamman in tiyata aka yi ko an yi ɗinki, ki kuma tambayi likita ko ungozoma kafin ki hau.

Maigida, idan ka ji gabanka yana dauɗewa ko yana mutuwa bayan doguwar tafiya, sirdin ne yake danne jijiya. Ka daidaita shi ya kwanta sosai, kada hancinsa ya kalli sama, ka riƙa miƙewa lokaci-lokaci, ko ka sauya shi da mai faɗi.

Su wa za su fara ganin likita?

Mai ciwon zuciya, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai farfaɗiya, da mai yawan jiri, da wanda ganinsa ya yi rauni, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da dattijon da ƙashinsa ya yi laushi, duk su nemi shawarar likita tukuna. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura kada ya fita da yunwa, ya riƙe alawa ko ɗan sukari a aljihu, ya kuma duba ƙafafunsa bayan ya sauka. Ko wane ne kai, idan ka ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, ko ido ya fara rufewa, ka tsaya nan take ka nemi asibiti.

Kafin ka hau titi

Iya keke a fili daban, iya shi a titi daban. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Cif Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawa keke, har shi kansa yana hawa zuwa aiki a Abuja. Wata rana motar bas ta buge shi ya faɗa lambatu. Kiran nasa yana kan hanya, amma abin da ya same shi ya nuna cewa titunanmu ba su ware wa mai keke wuri ba. Don haka kai za ka kula da kanka.

Ka fara da layukan unguwa na wasu makonni kafin ka tunkari cunkoson kasuwa ko babbar hanyar Kagoro, ko ta Zonkwa, ko ta Kwoi. Ka bi hannun dama, yadda motoci suke bi a ƙasar nan tun 1972, kada ka taɓa fuskantar motoci. Kada ka kutsa gefen tirela ko tanka, domin akwai wuraren da direbanta ba ya ganin ka ko a madubi. Ka sa hular kwano daidai kanka, ka ɗaure igiyarta a haɓa. Bincike ya nuna tana rage haɗarin rauni a kai da kusan rabi. Ka sa tufafi masu haske, ka maƙala ƙararrawa da fitila gaba da baya.

Akwai kuma abubuwan da suka shafi wannan yanki. Kafanchan garin layin dogo ne: duk inda za ka tsallaka ƙarfen jirgi, ka tunkare shi kai-tsaye, kada ka bi shi a karkace, don taya tana iya zamewa ko ta maƙale. Ƙasar tana da tudu da gangare, musamman wajen duwatsun Kagoro. A gangare ka riƙa taɓa birki biyun a hankali tun daga sama, kada ka damƙe na gaba shi kaɗai, zai wurga ka ta saman kan keken. Idan tudu ya fi ƙarfinka ka sauka ka tura, ba gazawa ba ce. Damina a nan tana da tsawo, daga wajen Afrilu har Oktoba, jar ƙasa tana santsi, birkin tsofaffin kekuna kuma ba ya kamawa sosai idan taya ta jiƙe. Lokacin hunturu hazo yana rage gani, mai asma kuma ya rufe hanci. Sannan saboda yanayin tsaro, kada ka bi hanyar daji kai kaɗai da asuba ko bayan faɗuwar rana. Kada ka goya yaro ko ka ɗora kaya masu nauyi sai hannunka ya faɗa sosai.

Idan an faɗi

Ƙujewa ce ta fi yawa. A wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu har ƙasar ta fita, a rufe da bandeji. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko man birki, ko baƙin mai. Idan raunin ya yi zurfi ko ya yi datti, a je asibiti a duba batun allurar rigakafin cutar sarƙe-haƙora. Hannun da ya kumbura ya ƙi motsi yana buƙatar hoto kafin a yi maganar ɗori. Wanda kuma ya bugu a kai, ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana amai, ko ya rikice, ko barci mai nauyi yana ɗibarsa, a garzaya da shi asibiti mafi kusa. A Kafanchan akwai babban asibiti. Idan haɗari ne a kan titi, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122.

Shawarata ta ƙarshe ga ƙungiyoyinmu ce. Zumuntar mata a coci, da matan Islamiyya, da 'yan adashi, da ƙungiyoyin manoman citta, kuna iya haɗa kuɗi ku sayi keke ɗaya na koyo, ku sa rana guda a mako. Kunya takan ragu idan masu koyon suna da yawa. Tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yunin kowace shekara a matsayin Ranar Keke ta Duniya. Ku sa wa kanku wa'adi, kafin wadda ke tafe kowa a cikinku ya iya zagaya fili da kansa. Kai kuma da kake karanta wannan shafi kai kaɗai, ka ari keken maƙwabci a Asabar ɗin nan, ka kai a cire maka feda.